Hoton da na'ura ta zana a teburin ma'aikaci: ina amfaninsa, ina iyakarsa?

A shekarar 1984 wani mai bincike a Amurka, Roger Ulrich, ya wallafa gajeriyar maƙala a mujallar Science wadda har yau masu tsara gine-ginen asibitoci ke kafa hujja da ita. Ya bi takardun majinyata 46 da aka yi wa tiyatar cire matsarmama a wani asibiti na jihar Pennsylvania. Rabinsu tagar ɗakinsu tana kallon bishiyoyi, sauran rabin kuwa ba abin da suke gani sai bangon bulo. Masu kallon bishiyoyin sun riga 'yan'uwansu samun sallama da kusan kwana guda a matsakaicin lissafi, ba su buƙaci maganin kashe zafi mai ƙarfi sosai kamar su ba, kuma ma'aikatan jinya ba su cika rubuta ƙorafi a kansu ba.

Kusan shekaru arba'in bayan haka sai ga na'urar ƙirƙirarriyar basira (AI) da za ka rubuta mata layi ɗaya, ka ce "tafki da sassafe, hazo na tashi a kan ruwa, bishiyoyi a gefe", kafin ka gyara zama ta miƙo maka hoton wurin da babu shi a duniya. Nan da nan tunani ya zo wa masu kula da walwalar ma'aikata: in dai kallon bishiya ta taga na rage raɗaɗi, me zai hana a ƙirƙiro wa kowane ma'aikaci tagarsa a allon kwamfutarsa? Tambayar tana da tushe. Sai dai idan aka bi abin daki-daki, za a tarar kyawun hoton shi ne mafi ƙanƙantar abin dubawa. Abin da ke yanke hukunci shi ne wa ya rubuta umarnin da ya haifi hoton, kuma wa ke iya karanta umarnin daga baya.

Dalilin da ya sa ake neman magani ido rufe

A watan Satumba na 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojinta kan lafiyar ƙwaƙwalwa a wurin aiki, tare da wata takardar haɗin gwiwa da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya. Alƙaluman da suka zo da su su ne ake ta maimaitawa: kimanin kashi 15 cikin 100 na mutanen da ke shekarun aiki suna fama da wata larurar ƙwaƙwalwa a 2019, kuma ciwon damuwa da fargaba na cinye ranakun aiki kusan biliyan 12 a kowace shekara, asarar da ta kai kusan dala tiriliyan ɗaya. Mai kamfani ko bai damu da zuciyar kowa ba, wannan lissafin zai tashe shi tsaye.

Tun a 2019 hukumar ta yi bayanin gajiyar aikin nan mai cinye mutum har ya gaza. Alamunta uku ne: ƙarfi ya ƙare, zuciya ta fita daga aikin har mutum ya riƙa kallonsa da ƙyama, sannan ƙwazonsa ya ragu. Hukumar ba ta sanya ta a sahun cututtuka ba. Ta ce al'amari ne da ke tasowa daga aiki, daga matsin da ya daɗe a wurin aiki ba a shawo kansa ba. Wannan bambanci zai yi mana amfani a gaba.

Yadda na'urar ke zana abin da ba ta sani ba

Kamfanin OpenAI ya nuna DALL-E, manhajar da ke zana hoto daga rubutu, a watan Janairun 2021, amma 2022 ce shekarar da abin ya shiga hannun kowa: wasu manhajoji biyu irinta suka biyo baya, Midjourney ya buɗe ƙofa a Yuli, Stable Diffusion ya fito a Agusta. An horar da Stable Diffusion da wani ɓangare na rumbun LAION-5B, mai ɗauke da hotuna sama da biliyan 5 da aka kwaso daga intanet, kowanne da ɗan rubutun da ke tare da shi.

Hanyar horon tana da ban sha'awa. Ana ɗaukar hoto na gaske a riƙa zuba masa ɗigo-ɗigo kaɗan-kaɗan, har ya koma kamar fuskar talabijin da ta rasa tasha. Sai a koya wa na'urar komawa baya, wato share ɗigon mataki-mataki har hoton ya dawo. Bayan ta yi haka sau ba adadi, sai a ba ta ɗigo zalla da 'yan kalmomi, ita kuma ta share har wani hoto da ya dace da kalmomin ya bayyana.

Abin da wannan ke nufi ga maganarmu shi ne na'urar ba ta san mene ne kwanciyar hankali ba. Abin da ta sani shi ne irin hotunan da masu ɗora kaya a intanet suka laƙaba wa wannan suna. Ka ce mata ta zana natsuwa, sai ta ba ka faɗuwar rana a bakin teku, ko duwatsu da aka ɗora wani kan wani, ko mutum ya naɗe ƙafa ya rufe ido. Natsuwar jama'a ce gaba ɗaya aka dama wuri guda. Taka natsuwar, wadda wataƙila ƙarar ruwan sama ce a kan rufi ko wata inuwa da ka sani tun kana yaro, sai ka yi aikin siffanta ta kafin ta fito.

Kallo kawai: amfani ƙarami, amma na gaske

Hanya mafi sauƙi ita ce a sa hoton a bangon ofis, ko a fuskar kwamfuta, ko a ɗakin hutu. Masu goyon bayan wannan suna dogaro ne da aikin Rachel Kaplan da mijinta Stephen Kaplan na Jami'ar Michigan, waɗanda suka bayyana ra'ayinsu a wani littafi a 1989. A wurinsu hankali iri biyu ne. Akwai wanda kake tilasta wa kanka, irin wanda ake buƙata wajen duba lissafi ko amsa saƙonni, kuma wannan yana gajiya kamar yadda dantse ke gajiya. Akwai kuma wanda ke tafiya da kansa ba tare da ƙoƙari ba, kamar idan ido ya bi motsin ganye ko gajimare. Yayin da na biyun ke aiki, na farkon yana samun sararin hutawa.

An gwada ra'ayin da hotuna. A 2008 Marc Berman da John Jonides da Stephen Kaplan sun nuna cewa kallon hotunan daji da tsirrai ya inganta sakamakon gwajin mayar da hankali fiye da kallon hotunan birni. A 2015 Kate Lee da abokan aikinta a Jami'ar Melbourne ta Ostareliya sun ba ɗalibai 150 wani aiki mai gundura a kwamfuta, suka dakatar da su na daƙiƙa 40. Wasu aka nuna musu hoton rufin bene na siminti, wasu kuma wannan rufin dai amma an lulluɓe shi da ciyawa da furanni. Da aka koma aiki, masu kallon koren rufin sun fi ƙarancin kuskure. Abin lura a nan, hoto ne a kan allo suka kalla, ba su hau wani bene ba.

To amma akwai wani gwajin da masu talla ba su cika kawowa ba. A 2008 Peter Kahn na Jami'ar Washington ya sa mutane 90 a ofis, aka raba su uku. Wasu suna kallon taga ta gaske da ke buɗe ga bishiyoyi da fili, wasu suna kallon babban allo da ke nuna wannan wurin kai tsaye ta kamara, wasu kuma bango ne a gabansu. Aka ɗan tayar musu da hankali da ƙananan ayyuka, aka auna yadda bugun zuciyarsu ke saukowa. Masu taga ta gaske zuciyarsu ta fi saurin lafawa. Masu allo kuwa ba su fi masu kallon bango ba. Idan allon da ke nuna bishiya ta gaske a daidai lokacin bai kamo taga ba, da wuya hoton bishiyar da babu ita ya wuce shi. Duk wanda ke shirin tura ma'aikata ɗakin da ba taga yana cewa zai maye gurbi da allo, ya kamata ya san wannan.

Akwai kuma batun irin hoton. Ulrich da abokan aikinsa sun sake wani gwaji a asibitin Uppsala na ƙasar Suwidin a farkon shekarun 1990, da majinyatan da aka yi wa tiyatar zuciya. Waɗanda aka rataye wa hoton ruwa da bishiyoyi sun fi ƙarancin fargaba. Waɗanda aka rataye wa zanen siffofi masu kusurwa da ba sa kama da komai kuwa, fargabarsu ta fi ta waɗanda ba a ba su hoto ba sam. Mutumin da ke cikin damuwa idan ya ga abin da bai gane ba, mummunar fassara yake masa. Nan ne hoton ƙirƙirarriyar basira ke da rauni na musamman. Duk wanda ya yi wasa da waɗannan manhajoji ya ci karo da hannu mai yatsu shida, ko matakala da ba ta kai ko'ina, ko inuwa da ta faɗi ta inda bai kamata ba, ko fuska mai murmushin da ke sa tsikar jiki tashi. Sababbin manhajojin sun rage irin wannan kwaɓa sosai, amma ba ta ƙare ba. Kuma da zarar ido ya kama abin da bai daidaita ba, hankalin da ake so ya huta shi ne zai tashi ya shiga bincike. Shi ya sa a ganina hoton da za a rataye domin hutu ya zama mai sauƙi: fili, ruwa, sama, tsirrai, babu fuskar mutum, babu hannu, kuma wani mai ido ya duba shi da kyau kafin a buga.

Inda na'urar ta yi fice kuwa shi ne sauyi. Hoton da ya shekara a bango ya daina zama hoto, ya zama bango. Canza shi kowane mako a da aiki ne da kashe kuɗi, yanzu minti biyu ne. Wannan riba ce, ko da ba ta kai a yi mata shela ba.

Siffantawa: inda ainihin aikin yake

Hanya ta biyu ta fi jan hankalina, wato ma'aikacin da kansa ya zauna ya ƙirƙiri hoton. Tunanin cewa zane na warkar da zuciya ya girmi kwamfuta. Wani mai zane ɗan Birtaniya, Adrian Hill, shi ne ya raɗa wa wannan fanni suna a 1942, bayan ya lura da yadda zane ya taimake shi lokacin da yake jinyar tarin fuka, ya kuma fara koya wa sauran majinyata. A 2016 Girija Kaimal ta Jami'ar Drexel ta ba mutane 39 minti 45 su yi duk abin da suka ga dama da laka, alƙaluman launi da takardun yankawa da mannawa. Kashi 75 cikin 100 daga cikinsu sinadarin kotizol, wanda jiki ke fitarwa idan yana cikin matsi, ya ragu a yawunsu, kuma bai danganta da ko mutum gwani ne ko ɗan koyo ba.

Amma a lura, hannu ne ya yi aikin a can. An taɓa laka, an ji sanyinta, an ɓata lokaci ana murzawa. Manhajar hoto ta cire duk wannan. Wanda ya ɗauko sakamakon Kaimal ya manna wa danna madannai ya yi wa mai karatu rufa-ido. Abin da ya rage bayan an cire hannun shi ne kalmomi, kuma kalmomin nan ba ƙaramin abu ba ne.

Tun 1986 James Pennebaker ya fara nuna cewa mutanen da suka zauna na 'yan mintoci a kwanaki kaɗan suna rubuta abin da ke ci musu rai sun samu sauƙi a lafiyarsu daga baya. A 2007 Matthew Lieberman na Jami'ar California da ke Los Angeles ya duba ƙwaƙwalwar mutane da na'urar ɗaukar hoto yayin da suke kallon fuskoki masu fushi ko tsoro. Da zarar sun ambaci sunan abin da fuskar ke nunawa, sai aikin amigdala, ɓangaren ƙwaƙwalwar da ke buga ƙararrawar haɗari, ya ragu. Ambatar sunan abu yana rage masa kaifi.

Yanzu a ƙaddara wata ma'aikaciya ce da aikinta shi ne amsa kiran abokan ciniki daga safe zuwa yamma. A lokacin hutu ta buɗe manhaja ta rubuta "zana mini gajiya". Na'ura ta ba ta mace ta kifa kai a tebur. Ta duba ta ce a'a, ba haka nake ji ba. Ta sake rubutawa: ɗaki cike da wayoyi, duk suna ƙara lokaci guda. Ya matso, amma da saura. Ta ƙara: akwai ƙofa, tana buɗe, amma kujerar tana ɗaure da igiya a ƙafar tebur. Da wannan hoton ya fito sai ta tsaya. Ashe abin da ke damunta ba yawan kiran ba ne kaɗai, rashin ikon tashi ne ko na minti uku ba tare da neman izini ba. Na'urar ba ta gano mata komai ba. Kuskuren na'urar ne ya tilasta mata gyara bayani sau biyu, har ta isa ga kalmar da ta dace. Zan iya cewa a wannan fage hoton farko da bai yi daidai ba ya fi wanda ya yi daidai amfani.

Akwai wasu ribobi biyu da ke biye da wannan. Manya da yawa idan aka miƙa musu takarda da fensir sai su janye hannu, su ce ba su iya zane ba, kunya ta rufe ƙofar tun ba a fara ba. Manhajar ta kau da wannan shinge. Sannan a zaman tattaunawa na ƙungiyar aiki, ya fi sauƙi mutum ya nuna hoton kwale-kwale a tsakiyar guguwa ya ce haka watan nan ya kasance, a kan ya buɗe baki ya ce na kusa gazawa. Hoton ya zama ɗan aike tsakaninsa da abokan aikinsa. Akwai ma mutanen da ba sa iya ganin hoto a zuci ko kaɗan, yanayin da Adam Zeman na Jami'ar Exeter ya raɗa wa suna a 2015. Irin waɗannan idan mai koyar da dabarun sassauta jiki ya ce su rufe ido su hango bakin kogi, duhu kawai suke gani. Hoto a kan allo yana ba su abin da za su riƙe.

Iyakar wannan hanya a fili take. Masu jinya da zane ƙwararru ne da suka yi shekaru suna karatu, kuma rabin aikinsu shi ne sanin lokacin da za a tsaya. Wanda ke ɗauke da tabon wani mummunan abu da ya same shi, idan ya siffanta shi ga na'ura, tana iya dawo masa da shi da launi da kaifin da ya fi na tunaninsa, alhali yana zaune shi kaɗai kuma saura minti goma ya koma bakin aiki. Ciwon damuwa na gaske, wanda ke hana barci da cin abinci da sha'awar rayuwa, aikin likita ne da masanin halayyar ɗan'adam.

Wani salon kuma da ya yi kasuwa shi ne mutum ya sa na'ura ta zana shi a cikin nasarar da yake buri: babban ofis, kujerar shugabanci, gida na alfarma. Gabriele Oettingen, masaniyar halayyar ɗan'adam a Jami'ar New York, ta shafe shekaru tana nazarin wannan irin mafarkin ido biyu, kuma abin da ta yi ta samu shi ne masu nutsewa cikin daɗin hango nasara ƙarfinsu na tashi su nema yakan ragu, kamar zuciya ta ɗauka an riga an isa. Abin da ta ga yana aiki shi ne a hango burin, sannan nan take a hango cikas ɗin da ke tsakani. Mai son amfani da hoto ta wannan fuska, gara ya zana dutsen da ke kan hanya tare da inda yake son zuwa.

Wa ke karanta abin da aka rubuta?

Mu koma ga ma'aikaciyar nan da kujerarta mai igiya. Layukan da ta rubuta ba su tsaya a kwamfutarta ba. A yawancin manhajoji umarnin yana tafiya ne zuwa manyan kwamfutocin kamfanin da ya ƙera manhajar, a adana shi. A Midjourney ma, hotunan da mutum ya yi a buɗe suke ga sauran masu amfani, sai in ya biya kuɗin tsarin da ke ba da damar ɓoyewa. Idan kuma wurin aikinta ne ya samar da manhajar da asusun ofis, akwai yiwuwar mai kula da kwamfutocin ofishin ya iya ganin tarihin abin da aka rubuta. Wato abin da aka gabatar mata a matsayin wurin sauke nauyin zuciya na iya zama littafin sirrinta a buɗe a teburin shugabanta, ana saura wata guda a yanke shawarar ƙarin girma ko rage ma'aikata.

Tarayyar Turai ta hango wani ɓangare na wannan haɗari. Dokarta kan ƙirƙirarriyar basira, wadda ta fara aiki a watan Agustan 2024, ta haramta amfani da na'urorin da ke hasashen yanayin zuciyar mutum a wuraren aiki da makarantu, sai don dalilin lafiya ko kare rayuka, kuma haramcin ya soma aiki a Fabrairun 2025. Wannan ya shafi na'urar da ke karanta fuska ko murya da makamantansu. Amma shugaban da ya ga "kujera ɗaure da igiya" a tarihin umarnin ma'aikaciyarsa ba ya buƙatar wata na'ura ta fassara masa. Don haka duk shirin da ba a faɗa wa ma'aikata ƙarara wa ke ganin abin da suka rubuta ba, da tsawon lokacin da ake ajiye shi, shawarata ga ma'aikaci ita ce ya zana tafki da bishiyoyi kawai, ya bar zuciyarsa a inda take.

Son kai da ke cikin hotunan ma abin dubawa ne, musamman idan sashen kula da ma'aikata ne ke amfani da su a sanarwa da allunan wayar da kai. A 2023 kamfanin labarai na Bloomberg ya sa Stable Diffusion ya zana hotuna sama da 5,000 na masu sana'o'i daban-daban. Manyan muƙamai masu albashi mai tsoka sun fi fitowa da maza masu hasken fata, ƙananan ayyuka kuma da masu duhun fata, fiye ma da yadda abin yake a zahiri. Allon da aka rataye don a ce wa ma'aikata "kuna da daraja a nan", idan kullum shugaban da ke cikinsa kama ɗaya yake, mai goge-goge ma kama ɗaya, wani saƙon daban yake isarwa. Kada kuma a manta da mai zanen da ke cikin ma'aikatan. A shekarar 2023 ɗin masu zane irin su Karla Ortiz da Sarah Andersen, da kamfanin Getty Images, sun kai ƙarar masu ƙera waɗannan manhajoji kan amfani da ayyukansu wajen horo ba da izini ba. Ga wanda sana'arsa zane ce, hoton na'ura a bangon ɗakin hutu tunatarwa ce cewa aikinsa na cikin haɗari.

An bar jaki ana dukan taiki

A watan Janairun 2024 William Fleming na Jami'ar Oxford ya wallafa nazarin amsoshin ma'aikata 46,336 daga ma'aikatu 233 a Birtaniya. Ya kwatanta waɗanda suka shiga shirye-shiryen walwala da ake yi wa mutum shi kaɗai, irin su horon juriya, darussan natsuwa, koyon sarrafa matsi da manhajojin waya, da takwarorinsu da ba su shiga ba. Bai ga masu shiga sun fi marasa shiga walwala ba. Abu ɗaya da ya nuna alamar amfani shi ne aikin sa-kai na taimakon jama'a. Hoton ƙirƙirarriyar basira ba ya cikin abubuwan da ya auna, amma ɗan gidan ne: shi ma ƙoƙari ne na gyara yadda ma'aikaci ke ji, aikin kuma a bar shi yadda yake.

Nan ne bayanin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2019 ke dawowa. Idan gajiyar daga tsarin aiki take tasowa, can ne maganinta yake. Tun 1979 Robert Karasek ya nuna cewa aikin da ya fi cutarwa shi ne wanda ya haɗa nauyi mai yawa da ƙarancin iko, inda ake ɗora wa mutum kaya amma ba shi da ta cewa kan yadda zai ɗauka. Ma'aikaciyar kujera mai igiya, abin da take buƙata shi ne a ba ta damar tashi. Kamfanin da ya ga hoton nan ya amsa da ƙarin hotunan faɗuwar rana ya yi mata ba'a ne, ko da da kyakkyawar niyya. Kuma ma'aikata suna gane wannan da wuri. Mutumin da ke yin aikin mutum uku, da ya ga an kashe kuɗi a kan allon da ke sauya furanni, lissafin da zai yi shi ne me ya sa ba a ɗauki mutum na biyu ba.

Duk da haka ban ga dalilin watsi da abin gaba ɗaya ba, matuƙar an ajiye shi a matsayinsa na ƙaramin taimako. Ya zama na ganin dama, wanda bai so ba kada a tambaye shi dalili. Hutun da za a kalli hoton ya zama hutu na gaske da aka ware a cikin lokacin aiki, domin daƙiƙa 40 ɗin Melbourne ma sai da aka dakatar da aikin aka same su. A faɗa wa mutane cewa na'ura ce ta yi hoton. Kuma a bar kowa ya zaɓi nasa.

Wannan na ƙarshen yana da hujja mai ƙarfi. A 2010 Craig Knight da Alex Haslam na Jami'ar Exeter sun sa mutane yin aikin ofis a ɗakuna iri huɗu. Na farko fayau yake, tebur da kujera kawai. Na biyu masu binciken sun ƙawata shi da hotuna da tukwanen shuke-shuke. A na uku an ba mutum hotunan da shuke-shuken aka ce ya jera yadda yake so, ko ya ajiye su gefe in bai so. Masu ɗaki na biyu sun fi masu na farko yawan aiki da kusan kashi 17 cikin 100, masu na uku kuwa da kusan kashi 32. A ɗaki na huɗu an bar mutum ya jera kayan da kansa, yana gamawa sai mai binciken ya shigo ya sake jera su yadda shi ya ga dama. Hotunan da shuke-shuken duk suna nan, ba a fitar da ko ɗaya ba, amma aikin mutanen ya koma daidai da na masu ɗakin da babu komai a cikinsa, kuma sun ce ba su ji daɗin zaman ba.